Ranar Da Aka Rage Wa Raƙumi Tsawo

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙon "ina ci gaba", ga shi nan, ku bar ni na sha ruwa. Ke kuma da kika rantse za ki fice daga gurup ɗin nan idan na bari wani abu ya sami Raƙumi, gyara zama, yau da ke nake.

Mun rabu a inda Abdussamad ya dawo gida Kiru daga asibitin ƙashi na Kano, inda aka kwantar da shi don a sake duba ƙafarsa, ya ɗaga tamfol ɗin da ke zaure don ya ga babur ɗinsa, sai ya yi ido biyu da buhunan masara an jera su tsaf, har da kwando a kife a sama, wai shi ne tanki.

Bai shiga cikin gida ba, ko ruwa bai sha ba. Maƙwabcinsu ne ya ƙara rura wutar, ya ce ai jiya an ga ƙaninsa Ja'afar bakanike a Ƙafin Maiyaki a kan babur ɗin, ƙafa a ƙasa, yana ta washe baki.

Ja'afar fa! Ja'afar ɗin da in ya tsaya kusa da Raƙumi sirdin ke neman kai masa ƙirji.

Don wanda yau ya shigo: Raƙumi babur ne, irin dogayen nan na masu keta daji da duwatsu, mutanen Kiru suka raɗa masa sunan saboda tsawonsa. A kansa Abdussamad yake shiga rugagen Burumburum da Doguwa yana yi wa shanu allura, har ake ce masa Dokta, wuraren da mota ba ta zuwa, ƙaramin babur kuma sai dai ya kwana a rafi. Duk garin an yi ta cewa wannan babur shi zai karya shi. Sai ga shi bijimin Arɗo ne ya matse shi da bishiya bara da damina. Ƙafar hagu ta karye, ta warke, amma ta gajarce da yatsa uku. Tun daga nan Raƙumi yake lulluɓe a zaure.

*

"Tsaya! Tsaya nan!"

Ɗan acaɓa bai gama taka birki ba Abdussamad ya diro, ya dogara sandarsa, ya nufi garejin Ja'afar yana ɗingishi. Amma wallahi saurin da yake yi, mai ƙafa biyu lafiyayyu sai ya yi da gaske zai cim masa.

Ga Raƙumi nan a tsakiyar rumfa an wanke shi fes. Ga Ja'afar a kai, ya riƙe kan babur ɗin yana dannawa yana saki.

Kallo ɗaya Abdussamad ya yi ya san an taɓa masa abu. Bayan ya yi ƙasa. Sirdin ya sirance. Jak ɗin da ake kafe shi da shi ma ga tabon sabuwar walda nan a jiki.

"Ja'afar!"

Ja'afar ya waigo, murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Yaya! Sannu da zuwa. Ba sai gobe aka ce za a sallamo ka ba?"

"Eh, sai gobe. Shi ya sa ka yi sauri ka ci gadona tun ina raye."

"Subhanallahi! Yaya, wane irin gado kuma?"

"Me ka yi masa?"

"Ka zauna tukuna, ga benci nan."

"Na ce me ka yi masa?"

Ja'afar ya sosa ƙeya.

"Na rage masa tsawo ne kaɗan."

Surajo mai walda, wanda rumfarsa ke manne da garejin, ya ɗage baƙin gilashinsa ya kashe inji. Masu shayi suka fara matsowa. Kun dai san mutanenmu, rigimar 'yan'uwa ta fi musu ƙwallo daɗin kallo.

"Ka rage masa tsawo," Abdussamad ya maimaita a hankali. "Wato kun zauna kun gama shawara. Gurgu ya gama yawo, bari a datse babur ɗin daidai gajere."

Kalmar nan ta gajere ta soki Ja'afar, don tun suna yara babu wanda ya isa ya faɗa masa ita a gaban Yayansa bai sha mari ba. Yau ga ta daga bakin mai rama masa.

"Yaya, ni ka ce wa gajere?"

"Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba. To zagayo ta nan ka ga gajeren da kyau."

"Ba inda zan zagaya."

"Don girman Allah ka zagayo."

Abdussamad ya ja tsaki, ya zagaya ta ɗaya gefen. Sai ga bulo guda an girke a ƙasa, ƙafar Ja'afar a kai.

"Ka ga ƙasar da aka ce maka ƙafata ta taɓa," in ji Ja'afar. Ya sa dunduniya ya ture bulon. Nan take ƙafafunsa suka hau reto a iska, Raƙumi ya fara karkacewa.

"Surajo! Surajo, tare ni!"

Da gudu Surajo ya rungumo babur ɗin, masu shayi suka kwashe da dariya. Ja'afar ya zamo ƙasa yana haki, ya kafe jak.

"Ka gani? Ko an sake rage masa taƙi guda, ni da wannan abin sai dai kallo. Ba don ni na yi ba."

"To don wa?"

Ja'afar ya miƙa hannu ya kwance wata farar igiya da ke ɗaure a madubi, mai ƙulli biyu kusa da juna a ƙarshenta. Abdussamad ya karɓa ya jujjuya. Zariyar wandonsa ce, ta shuɗiyar shaddar da ya yi ta nema bai gani ba.

Daidai nan wani acaɓa ya ci birki a bakin titi. Hasiya ce, matar Abdussamad, hijabi a karkace, takalmi ma ba iri ɗaya ba.

"Abban Nafisa! Don Allah kar ka taɓa shi! Ba laifinsa ba ne!"

Ta ƙaraso ta ga zariyar a hannun mijinta, ta yi turus.

"Hasiya, me ya kawo zariyata gareji?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ni na auna ka."

"Kika auna ni?"

"Kana barcin rana. Ƙullin ƙasa tsawon ƙafar dama ne, na sama na hagu. Ja'afar ya ce shi ba zai taɓa ƙarfe ko ɗaya ba sai ya san tsakaninsu."

Abdussamad ya ƙura mata ido. Ya rage murya yadda masu shayi ba za su ji ba, duk da kunnuwansu a miƙe suke.

"Me kika faɗa masa?"

Ta hau murza bakin hijabinta.

"Hasiya. Me kika faɗa masa?"

"Komai."

"Har ranar nan?"

"Har ita."

To masu karatu, ga abin da na ɓoye muku tun tuni. Wata ranar kasuwa da gidan ba kowa, Hasiya ta ji ƙara a zaure kamar an yar da buhun ƙarfe. Ta fito ta tarar da mijinta a ƙasa, Raƙumi a kansa. Ya lallaɓa ne ya hau don ya gwada, ya ɗauke jak, ya miƙa ƙafar hagu yana neman ƙasa, ƙasa ta ce ba ta san zance ba. Da kyar su biyu suka ɗaga shi. Ranar ya sa ta yi masa alkawarin babu mahaluƙin da zai ji.

"Kin yi min alkawari," ya ce.

"Na yi, kuma na karya. Ka yi min duk hukuncin da ka ga dama." Hawaye ya zubo mata, amma ba ta yi shiru ba. "Tun ranar nan ba ka ƙara cinye tuwonka ba. Arɗo ya kira ka ya gaji, kana kallon wayar tana ƙara har ta katse. Kullum da safe sai ka ɗaga tamfol ka goge babur ɗin da ba ka hawa, ka mayar ka rufe. Ni ce nake gani, Abban Nafisa. Ƙafarka ta warke, kai ne ba ka warke ba."

Cabɗi! Ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na share ido.

Abdussamad ya kau da kai. Ja'afar ya ga ƙofa ta ɗan buɗe, ya yi wuf ya durƙusa gefen babur ɗin.

"Yaya, zo ka gani, wallahi ban lalata maka komai ba. Ka ga ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin shokozoba? Su ke riƙe da tsawon baya. Na cire naka na ajiye, ga su can a leda, na sa waɗanda suka ɗan fi su tsawo, sai bayan ya zauna. Ba yankan sifirin na yi ba irin na 'yan acaɓa, har Kano na je na samo su."

Idon Abdussamad ya bi yatsan Ja'afar.

"Sirdin kuma soso na fafe, na rage masa faɗi ta gaba, don cinya ta sauka kai tsaye. Jak ɗin Surajo ne ya rage shi."

"Dole ne, Dokta," Surajo ya sa baki. "In babur ya yi ƙasa jak bai yi ba, tsaye zai riƙa tsayawa ƙyam, akuya ma ta goge shi sai ya kife."

"Abu ɗaya dai," Ja'afar ya ci gaba, "cikinsa ya matso ƙasa, in ka shiga duwatsun Doguwa sai ka riƙa zaɓar hanya. Sai kuma gaban. Shi ma na zame sandunan shokozoban sama kaɗan don ya daidaita da baya, amma ban gama ba, jira nake ka hau na ga yadda..."

"Ba zan hau ba."

"Yaya..."

"Na ce ba zan hau ba! Ka mayar min da shi yadda yake. Raƙumin da aka datse ba Raƙumi ba ne. So kuke duk rugar da na shiga a ce ga Dokta can an yi masa babur ɗin guragu?"

"Kai, rufe mana baki haka nan."

Kowa ya waiga. Daga cikin rumfar Surajo wani dattijo ya fito yana gyara hula, carbi a hannu. Baba ne, mahaifinsu. Ashe tun ɗazu yana zaune a bayan tulin ƙarafa yana jin komai.

Hasiya ta zube ƙasa. "Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yata. Tashi, Allah ya yi miki albarka."

Abdussamad ya rusuna gwargwadon yadda ƙafar ta bari. "Baba, kai ma kana nan?"

"Ina nan. Buhunan masarar da ka gani a zaure na wane ne in ba nawa ba? Kwandon ma ni na kife shi da hannuna."

Masu shayi suka sake fashewa. Baba bai yi dariya ba. Shi da ma ba ya kiran sunan ɗan farinsa, sai dai ya ce "kai".

"Kai, ina saurayi na yi dakon kaya wa Buzaye masu kawo kanwa. Raƙuma na gaske, ba irin naka mai shan fetur ba. Ban taɓa ganin wanda ya hau raƙumi yana tsaye ba. Durƙusar da shi suke yi su hau, ya miƙe da su, kuma ban ji wanda ya ce ya koma jaki ba."

"Baba, ba haka ba ne..."

"Haka ne. Ba datse babur ne ya dame ka ba. Tsoro kake ji ka hau a gaban mutane ƙafar ta sake ƙin kaiwa."

Abdussamad ya sunkuyar da kai, don an taɓo inda ke ciwo.

"In ta ƙi kaiwa, ga ƙaninka, ga Surajo, ga ni, za mu tare ka," in ji Baba. "Faɗuwa a gaban ubanka ba abin kunya ba ne, a gabana ka koyi tafiya. Miƙo sandar nan."

Abdussamad ya daɗe yana kallon sandar, sannan ya miƙa wa Baba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya ba Hasiya. Ja'afar ya riƙe gaba, Surajo ya riƙe baya.

"Bismillahi."

Ya ɗaga ƙafar dama ya haye. Ya zauna. Babur ɗin ya ɗan nutsa da nauyinsa.

"Ɗauke jak ɗin, Yaya."

"Ku riƙe fa."

"Muna riƙe."

Ya sa dunduniya ya ɗauke jak. Gumi ya keto masa a goshi. Ya fara sauke ƙafar hagu a hankali, kamar mai gwada zurfin rafi. Hasiya ta cusa bakin hijabi a baki. Mai shayi ya tsaya da buta a sama, shayin na zuba a ƙasa bai sani ba.

Yatsu suka taɓa.

Tafin ƙafa ya bi.

Dunduniya ta zauna daram a ƙasa.

"Ja'afar," ya ce da wata irin murya, "ku saki."

"Yaya, ai tun ɗazu muka saki."

Ya duba. Ga Ja'afar can ya harɗe hannu a ƙirji, ga Surajo ya ɗaga nasa sama yana dariya. Shi kaɗai ne riƙe da Raƙumi, a kan ƙafar da ya gama yanke wa ƙauna.

"Allahu Akbar!" in ji Baba.

Wurin ya kaure. Masu shayi na tafi, 'yan acaɓa na danna ham, wata mai awara ta rangaɗa guɗa tun daga tsallaken titi. Hasiya kuka take tana dariya. Abdussamad ya karkata babur ɗin hagu, ya dawo da shi, ya sake karkatawa, ya dawo da shi, kamar yaron da aka saya wa sabon keke.

"Ta kai! Baba, ka gani? Ta kai wallahi!"

"Na gani."

Ya jawo Ja'afar ya rungume shi da hannu ɗaya. "Ka yafe min kalmar da na faɗa maka."

"Wacce? Gajere? Yaya, ai yau gajarta ta yi rana, har Raƙumi ya shigo layinmu."

Aka sake kwashewa da dariya. Abdussamad ya kalli matarsa.

"Ke kuma, zancen alkawari, za mu yi shi a gida."

"To," ta ce, tana share ido.

"Ki dafa tuwo da yawa."

Ya juya ya miƙa hannu. "Makulli."

"Hau! Hau! Dokta, hau!" 'yan acaɓa suka ɗauka baki ɗaya.

Ja'afar, da murna ta gama ɗauke masa hankali, ya zaro makulli ya danƙa masa, ya ɗauko hular kwano ya kifa masa a kai da kansa. Abdussamad ya murɗa. Raƙumi ya yi wani gurnani da aka kusa shekara ba a ji ba, kwanon rumfar har rawa yake.

"Kai, a hankali dai," in ji Baba.

"Zagaye ɗaya kawai, Baba. Na kai gangaren gada na juyo."

Ya sa giya, ya saki kuloci, ya hau kwalta ya miƙi hanyar Tudun Wada. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kana jin yadda yake canja giya ka san hannun bai manta ba. Yara suka bi shi da gudu suna ihu har ya ɓace musu.

Ja'afar tsalle yake kamar ba magidanci ba.

"Kun gani? Anti, kin gani? Wallahi sai na ɗauke shi a waya in ya juyo, na tura wa Arɗo!"

Ya cusa hannu a aljihun rigar aikinsa zai ciro waya. Sai ya tsaya cak.

A hankali ya zaro hannun ya buɗe. Kusoshi ne guda huɗu, sababbin wankewa da fetur, suna ƙyalli a tafinsa.

Surajo ya leƙo. Dariyarsa ta ɗauke.

"Ja'afar, waɗannan na ina ne?"

Ja'afar ya ƙura wa kusoshin ido.

"Kai, ana tambayarka," in ji Baba.

"Na gaba ne." Muryarsa kamar ba tasa ba. "Su ke damƙe sandunan shokozoban gaba. Na sama na cire su, na ƙasa kuma da hannu kawai na ɗaura, ban sa sifana ba. Jira nake ya hau na ga awon, sannan na ɗaure. Shi nake faɗa masa ɗazu ya katse ni."

"To yanzu me zai faru?" Hasiya ta tambaya.

"In yana tafiya a miƙe, za su riƙe."

"In ya taka birki fa?" in ji Baba.

Surajo ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Gangaren gada! Ga kwana, ga shi yau masu shanu na tsallakawa da su ta wurin."

"Ku kira shi! Ku kira shi a waya!" Hasiya ta ƙwalla.

Ja'afar ya lalubo lambar ya danna.

Wayar ta fara ƙara a cikin babbar rigar da ke rungume a ƙirjin Hasiya.

Ja'afar ya yi jifa da tasa wayar, ya fizgi sifana, ya ture wani ɗan acaɓa daga kan babur ɗinsa ya haye.

"Matsa! Ku ba ni hanya!"

Ya buga kik, ya ƙi tashi. Ya sake bugawa, ya ƙi.

Daga can nesa har yanzu ana jiyo gurnanin Raƙumi, yana ƙara sama, yana ƙara nisa. Baba ya ɗaga hannu a yi shiru, ya karkata kunne, sandar ɗansa a ɗaya hannun.

Sai ƙarar ta ɗauke ɗif.